Korar masu laifi zuwa Siberiya a zamanin sarakunan Rasha

Korar masu laifi zuwa Siberiya wani tsarin hukunci ne da sarakunan Rasha, waɗanda ake yi wa laƙabi da Tsar, suka yi aiki da shi tun daga ƙarshen ƙarni na 16 har zuwa faɗuwar sarautar a shekarar 1917. A ƙarƙashin tsarin ana raba mutum da garinsu, a tasa ƙeyarsa zuwa gabashin duwatsun Ural, wani lokaci kuma zuwa arewacin ƙasar mai tsananin sanyi ko yankin Kaukasus, ya zauna can na wasu shekaru ko har ƙarshen rayuwarsa. An ƙiyasta cewa tsakanin 1801 da 1917 kaɗai mutane fiye da miliyan ɗaya ne suka shiga Siberiya ta wannan hanya, idan aka haɗa da mata da 'ya'yan da suka bi masu gidajensu don raɗin kansu.

Gwamnati ta ɗora wa tsarin nauyi biyu. Tana so ta hukunta masu laifi ta nesanta su da tsakiyar ƙasa, tana kuma so waɗannan mutanen su zama manoma da ma'aikatan da za su raya mata sabuwar ƙasar da ta ci. Buƙatun biyu ba su taɓa jituwa ba, domin wanda aka karya da bulala da tafiyar shekara guda a ƙafa ba ya isa Siberiya da ƙarfin kafa gona. Kuma duk da cewa sunayen marubuta da 'yan juyin juya hali ne suka fi shahara a wannan tarihi, mafi yawan korarrun talakawan ƙauye ne, da yawansu ma ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Ire-iren hukuncin

A harshen Rashanci ana kiran korar ssylka, amma hawa-hawa ce. Mafi tsanani ita ce katorga, wato ɗauri da aikin wahala a mahaƙar ma'adinai, ko wurin dafa gishiri, ko masana'antun gwamnati. Wanda ya gama wa'adin katorga ba ya komawa gida, ana mayar da shi mazaunin dindindin a Siberiya. Ƙasa da wannan akwai kora don zama, inda ake ajiye mutum a wani ƙauye cikin yanayi mai kama da ɗaurin talala: ba ya cikin kurkuku, amma ba shi da ikon barin gundumar. Sai kuma korar da hukuma ke yi ba tare da shari'a ba.

Hukuncin katorga da na zaman dindindin suna zuwa tare da soke duk haƙƙoƙin mutum. A idon doka ya zama tamkar mamaci. Ana tuɓe masa muƙami, dukiyarsa ta koma ga magada, matarsa kuma tana da damar neman a raba auren idan ba ta son bin sa.

Asali

Bayan da Yermak da mayaƙansa na Kosak suka ci birnin Kuchum, sarkin Sibir, a 1582, Rasha ta shiga kafa garuruwan tsaro a gabashin Ural: Tyumen a 1586, Tobolsk a 1587. Fatun dabbobin dawa masu tsada ne suka ja ta can. Sai dai ƙasar faɗi gare ta, ga ƙarancin mutane, ga sojoji da ke buƙatar wanda zai noma musu abinci.

Labarin da aka saba buɗe tarihin korar da shi ya faru ne a garin Uglich a 1591. An sami Dmitri, ƙaramin ɗan Tsar Ivan na Huɗu, kwance da rauni a wuya, rai ya yi halinsa. Aka kaɗa ƙararrawar coci, jama'a suka taru suka kashe jami'an da suke zargi. Hukumar Mosko, wadda Boris Godunov ke juyawa a lokacin, ta ɗauki abin a matsayin tawaye. Ta kashe wasu, ta kori wasu zuwa Pelym a Siberiya. Ita ma ƙararrawar ba ta tsira ba: an sauke ta, aka yi mata bulala a bainar jama'a, aka cire mata harshe, aka aika da ita Tobolsk. Sai a 1892 aka yarda ta koma Uglich, bayan shekara 300.

Kundin dokokin Tsar Aleksei na 1649 ne ya shigar da kora cikin jerin hukunce-hukuncen ƙasa a rubuce, ga ɓarayi da 'yan fashi da wasu masu laifi. Bai daɗe ba aka fara amfani da ita a rikicin addini. A 1653 an kori limamin coci Avvakum da iyalinsa zuwa Tobolsk saboda ya ƙi amincewa da sauye-sauyen da shugaban cocin Rasha, Nikon, ya kawo a ibada. Daga can aka ƙara gaba da shi har bayan tafkin Baikal. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta yana cikin bayanai na farko da ake da su daga bakin korarre.

Ƙarni na 18

Tsar Bitrus Mai Girma ya ɗauki fursuna a matsayin ƙarfin aiki da bai kamata a bari ya salwanta ba. A zamaninsa kalmar katorga ta shiga doka. Asalinta daga Girkanci ne, sunan jirgin ruwan da fursunoni ke tuƙawa da filafili. Ya tura masu laifi gina tashoshin jiragen ruwa da sabon babban birninsa, St. Petersburg. A farkon ƙarnin ne kuma aka fara narka azurfa a yankin Nerchinsk, kusa da iyakar ƙasar Sin, wurin da daga baya ya zama cibiyar katorga mafi ban tsoro. Manyan fada ma ba su tsira ba. Aleksandr Menshikov, babban na hannun daman Bitrus, ya ƙare rayuwarsa a ƙauyen Berezov a 1729.

Sarauniya Elizabeth ta dakatar da zartar da hukuncin kisa, kuma a dokokin 1753 da 1754 aka maye gurbinsa da katorga ta har abada. Sauƙin da ke cikin wannan bai taka kara ya karya ba. Kafin a tura mutum ana yi masa dukan knut, wata bulalar fata da kan iya kisa, a tsage masa hanci, a buga masa haruffa a goshi da kumatu don kowa ya gane shi idan ya gudu. An daina tsage hanci a 1817, an soke knut a 1845, buga tambari a fuska kuwa ya kai har 1863.

Dokar da ta fi cika hanyar Siberiya da mutane ita ce ta 1760. Ta ba masu manyan gonaki damar miƙa wa gwamnati duk wani bawan gona da suka ga ya dame su, a kore shi, a kuma lissafa musu shi a madadin mutumin da ya kamata su bayar aikin soja. An shata shekarun wanda za a iya turawa da lafiyarsa, amma iyayen gida da yawa sun yi amfani da damar wajen rabuwa da tsofaffi da marasa ƙarfi. Majalisun ƙauyuka su ma sun sami ikon korar wanda suka yanke cewa mugun iri ne, ko su ƙi karɓar wanda ya fito daga gidan yari. A ƙarni na 19 irin waɗannan da aka kora ba tare da shari'a ba sun kai kusan rabin dukkan korarru.

Hanyar zango-zango

Mikhail Speransky, wanda shi kansa ya ɗanɗani kora a 1812 bayan ya ɓata da Tsar Aleksanda na Ɗaya, ya zama gwamnan Siberiya a 1819. Ya tarar da hargitsi: hukuma ba ta san adadin mutanen da ta tura ba, balle inda suke. Dokokinsa na 1822 suka kafa ofishin korarru a Tobolsk, wanda ke rubuta sunan kowa ya kuma rarraba su, tare da jerin zanguna a kan hanya, kowanne da nisan tafiyar yini guda daga na gabansa.

Ayari kan tashi daga Mosko ta hanyar Vladimir, ya bi ta Kazan da Perm ya tsallaka Ural. Maza 'yan katorga ne a gaba, da mari a ƙafa, an aske musu rabin kai. Bayansu sauran korarru, sannan mata da yara, a can ƙarshe kekunan doki ɗauke da marasa lafiya da kaya. Ƙa'idar ita ce tafiyar kwana biyu, hutun kwana ɗaya, ko da rani ko da hunturu. Kafin zuwan jiragen ruwa masu tururi, wanda aka tura Nerchinsk yana iya shafe kusan shekara biyu a hanya. Kuɗin abincin talaka kobek 10 ne a rana, kuma a wurare da dama bai isa sayen burodin da zai ƙosar ba. Shi ya sa idan ayari ya shigo ƙauye sai fursunoni su ɗauki wata waƙar bara mai ban tausayi, mutanen gari su fito da burodi da ƙwai. Talakawan Rasha ba sa kiran su masu laifi, "marasa sa'a" suke ce musu.

A kan iyakar lardin Perm da na Tobolsk akwai wani ginshiƙin bulo da ke nuna farkon Siberiya. Ana barin ayari ya tsaya a nan. Wasu su durƙusa su sumbaci ƙasa, wasu su ɗebi 'yar ƙasar su ƙulle a tsumma.

Zangunan kansu ɗakunan katako ne da aka gina don mutum kaɗan, ake cusa ninkin adadin. Da dare ana kulle ƙofa a bar babban baho guda na bayan gida a tsakar ɗaki. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa da tarin fuka sun kashe mutane da yawa, yara ne kuma suka fi mutuwa. Daga shekarun 1860 aka fara ɗaukar fursunoni a kwale-kwale masu keji da jirgin tururi ke ja, daga Nizhny Novgorod zuwa Perm, da kuma daga Tyumen zuwa Tomsk. Amma daga Tomsk zuwa Irkutsk, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, ƙafa ce har sai da layin dogo ya iso a ƙarshen ƙarnin.

Cikin ayarin fursunoni suna da tasu hukumar. Suna zaɓen shugaba da ke riƙe asusun haɗin gwiwa, ya yi ciniki da sojojin rakiya, ya ba da cin hanci idan ana so a cire mari a wani yanki na hanya. Akwai kuma cinikin suna. Ɗan katorga mai wayo kan sami wani talaka da aka yanke wa kora mai sauƙi, ya saye shi da 'yan kuɗi ko giya su yi musayar suna. Idan aka zo kiran suna a zango na gaba kowa ya amsa na ɗan'uwansa. Wanda ya sayar ba shi da damar tona asiri, domin ƙungiyar fursunoni na iya kashe shi, don haka sai ya wuce mahaƙa ya yi wa'adin wani.

Zama a Siberiya da rundunar 'yan gudu

A takarda, korarre zai sami fili ya zama manomi. A zahiri yana isa ƙauyen da aka rubuta masa ba doki, ba garma, ba iri, sau da yawa ba mata, domin maza sun ninka mata nesa ba kusa ba. Tsofaffin mazauna ba sa maraba da shi, sai dai su ɗauke shi ƙwadago da arha. A yankin Yakut an tilasta wa 'yan ƙasa su ciyar da korarrun da aka ajiye musu.

Saboda haka da yawa suka zaɓi gudu. Da zarar ƙanƙara ta narke, tsuntsun da Rashawa ke kira kukushka ya fara kuka, sai dubban mutane su fantsama cikin daji su nufi yamma. Ana yi musu laƙabi da rundunar Janar Kukushkin. Wanda aka kama yakan ce sunansa Ivan, kuma bai tuna danginsa ba, domin hukuncin yawon banza ya fi na tserewa daga katorga sauƙi. Wasu ƙauyawa na ajiye musu abinci a bakin taga da dare, rabi don tausayi rabi don tsoron a cinna wa gidansu wuta. Wasu kuwa farautarsu suke yi. Binciken gwamnati na ƙarshen shekarun 1890 ya nuna cewa cikin korarru kusan 300,000 da ke rubuce, kimanin kashi ɗaya cikin uku ba a san inda suke ba. Masu kishin Siberiya irin su Nikolai Yadrintsev sun daɗe suna kukan cewa an mayar da ƙasarsu juji.

Korarrun siyasa da na addini

Kafin 1905 'yan siyasa kaso kaɗan ne na korarru, amma su ne suka iya rubutu, don haka ta bakinsu duniya ta san tsarin. Sarauniya Katarina ta Biyu ta kori Aleksandr Radishchev zuwa Ilimsk a 1790 saboda littafin da ya soki bautar da manoma.

A watan Disamba 1825 wasu hafsoshin soja 'ya'yan manyan gida suka yi yunƙurin hana Nikolas na Ɗaya hawa gado. An rataye biyar, aka tura fiye da 100 Siberiya, wasu mahaƙar Blagodatsk, sannan kurkukun Chita da na Petrovsky Zavod. Mata 11 suka bi mazajensu ko waɗanda za su aura, cikinsu har da Ekaterina Trubetskaya da Maria Volkonskaya. Sharuɗɗan da aka gindaya musu masu zafi ne: su bar 'ya'yansu a baya, su sarayar da darajarsu, kuma duk ɗan da suka haifa a can za a rubuta shi talakan gwamnati. Waɗanda suka rayu cikin mazan sun buɗe makarantu, sun yi aikin jinya da gwajin noma, har zuwa afuwar 1856.

Marubuci Fyodor Dostoevsky ya shiga hannu a 1849 saboda halartar zaman wata ƙungiyar masu karatu. An kai su filin harbi, an ɗaure uku na farko a turaku, sannan aka karanta sanarwar cewa Tsar ya sassauta hukuncin. Ya yi shekara huɗu da mari a kurkukun Omsk tare da masu kisan kai da ɓarayi, ya kuma yi aikin soja na dole a Semipalatinsk. Littafin da ya rubuta kan zaman Omsk, wanda ya fito tsakanin 1860 da 1862, shi ne ya fara nuna wa masu karatu na Rasha yadda cikin katorga yake.

Mutanen Poland sun shiga Siberiya da yawa bayan tawayen 1830 da na 1863. Na biyun kaɗai ya kai fiye da mutum 18,000 can. A 1866 wasu kimanin 700 da ke aikin hanya a gefen tafkin Baikal suka yi bore, aka murƙushe su, aka harbe shugabanni huɗu a Irkutsk. Daga cikin korarrun Poland ne aka sami Benedykt Dybowski, wanda ya yi nazarin halittun Baikal, da Jan Czerski, wanda wani jerin duwatsu a arewa maso gabashin Siberiya ke ɗauke da sunansa.

An yi amfani da kora wajen karya shugabannin Musulmin Kaukasus ma, ko da yake su cikin ƙasar Rasha ta yamma aka fi kai su. Imam Shamil, bayan ya miƙa wuya a 1859, an ajiye shi a Kaluga cikin girmamawa amma ƙarƙashin tsaro, daga baya aka bar shi ya tafi aikin Hajji, ya rasu a Madina a 1871. Shehin Ƙadiriyya na Checheniya, Kunta-Haji, bai sami wannan gata ba. Duk da cewa wa'azinsa na barin yaƙi ne, an kama shi a 1864 aka kai shi Ustyuzhna a lardin Novgorod, inda ya rasu cikin talauci a 1867.

Kara, Kennan da Sakhalin

Bayan kisan Tsar Aleksanda na Biyu a 1881, wata dokar ta-ɓaci ta ba hukuma ikon korar duk wanda take zargi har tsawon shekara biyar ba tare da kotu ba. Ɗalibai da malamai da likitoci suka cika ƙauyukan Siberiya, rikici da jami'ai kuma ya ƙaru. A watan Maris 1889 sojoji sun buɗe wuta kan korarru a Yakutsk suka kashe shida, aka rataye uku daga baya. A watan Nuwamba na shekarar, a kurkukun mahaƙar zinariya ta Kara, an yi wa Nadezhda Sigida bulala 100 saboda ta mari wani jami'i. Ta sha guba ta mutu, wasu mata uku da maza biyu suka bi sahunta. Hayaniyar da abin ya tayar a ciki da wajen ƙasar ta taimaka wajen soke dukan mata korarru a 1893.

Ba'amurke George Kennan ya je Siberiya a 1885 yana mai ganin cewa ana yi wa gwamnatin Rasha ƙazafi, shi ya sa ma aka buɗe masa ƙofofi. Abin da ya gani ya sauya masa ra'ayi. A kurkukun Tyumen ya tarar da fursunoni fiye da 1,700 a ginin da bai kamata ya ɗauki rabin haka ba. Littafinsa na 1891 ya zubar da mutuncin gwamnatin Tsar a Turai da Amurka.

Tsibirin Sakhalin, da ke arewacin Japan, shi ne gwaji na ƙarshe na haɗa hukunci da raya ƙasa. An ayyana shi wurin katorga a 1869, kuma daga 1879 ana kai fursunoni ta teku daga Odessa, a bi ta mashigin Suez. An yi zaton teku zai hana gudu, gona kuma ta ciyar da mazauna. Ƙasar ba ta karɓi noma yadda aka zata ba. Mata fursunoni ana rarraba su ne ga jami'ai da mazauna a matsayin masu aikin gida ko abokan zama. Likita kuma marubuci Anton Chekhov ya yi wata uku a tsibirin a 1890, ya bi gida-gida ya cike katunan ƙidaya kusan 10,000. Japan ta mamaye tsibirin a 1905, aka rufe katorgar a 1906.

Shekarun ƙarshe

Da aka fara shimfiɗa layin dogon Siberiya a 1891, manoma masu 'yanci suka riƙa kwarara gabas da kansu, hujjar cika ƙasa da korarru ta faɗi. Dokar 1900 ta soke kora kan yawancin laifuffukan yau da kullum ta mayar da su ɗauri, amma ta bar ta ga laifin siyasa da na addini. Juyin 1905 ya sake cika hanyar. Yawan 'yan katorga ya tashi daga kusan 6,000 zuwa kusan 30,000 cikin shekara bakwai, aka buɗe manyan kurkukun katorga a yammacin Rasha kamar na Oryol, aka kuma sa fursunoni aikin hanya da layin dogo a yankin Amur.

Ga wanda aka kora ba tare da katorga ba, musamman mai ilimi da ɗan abin hannu, zaman bai kai haka tsanani ba. Lenin ya yi 1897 zuwa 1900 a ƙauyen Shushenskoye yana karɓar rubul 8 a wata daga gwamnati. A can ya yi aure, yana fita farauta, ya kuma kammala littafinsa kan bunƙasar jari-hujja a Rasha. Tsaro ma sako-sako ne. Mikhail Bakunin ya tsere a 1861 ta Japan da Amurka har Landan. Trotsky ya gudu sau biyu, a 1902 da 1907. Stalin ya sha gudu, sai da aka kai shi Kureika a yankin Turukhansk, can kuryar arewa, sannan ya zauna.

Bayan murabus ɗin Tsar Nikolas na Biyu a watan Maris 1917, gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi afuwa ga fursunonin siyasa, a watan Afrilu kuma ta soke kora a matsayin hukunci. An tarbi masu dawowa da kaɗe-kaɗe a tashoshin jirgin ƙasa. A watan Agusta gwamnatin ta tura Nikolas da iyalinsa Tobolsk, inda suka zauna har aka mayar da su Yekaterinburg a 1918, aka kashe su a watan Yuli. Gwamnatin Bolshevik, wadda da yawa cikin shugabanninta tsofaffin korarru ne, ta dawo da kora ba tare da shari'a ba a wata doka ta watan Agusta 1922.